Tarihin Taransferin da Ƙwayoyin Sankarar Jini

Jiki ba ya yin jini sai da sinadarin ƙarfe, amma kuwa ƙarfen nan guba ne in ya yi yawo shi kaɗai a cikin jijiya. Saboda haka masana suka daɗe suna neman abin da ke ɗauke da shi. A shekarar 1946 Schade da Caroline na Amurka suka gano wani furotin mai kama ƙarfe a cikin ruwan jinin mutum. A 1947 Holmberg da Laurell na ƙasar Suwidin suka raɗa masa suna taransferin, watau mai jigilar ƙarfe. Kowane ɗaya yana ɗaukar ƙwayar zarra biyu ta ƙarfe, kamar jakin da aka ɗora wa mangala, ya sauke kaya, ya koma ya sake ɗauka.

Saura tambaya: a ina yake saukewa? A 1963 Jandl da Katz suka nuna yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini waɗanda ba su gama nuna ba, domin su ne ke bukatar ƙarfe. Akwai wata mashiga a bayan ƙwayar wadda ke karɓarsa. In ƙwayar ta nuna sai ta zubar da mashigan nan, kamar yadda aka tabbatar a 1983.

A 1981 ne batun ya haɗu da na sankara. Trowbridge da Omary a Amurka, da Sutherland da abokan aikinsa a Landan, suka gane cewa wata alama da aka sani tana yawaita a kan ƙwayoyin sankarar jini, ashe mashigar taransferin ce. Dalili kuwa, ƙwaya ba ta rabuwa biyu sai da ƙarfe, ita kuwa ta sankara rabuwa take yi ba ji ba gani.

Nan take aka yi tunanin toshe mashigar, ko a aika guba ta cikinta. Wahalar ita ce, ƙwayoyin ɓargo masu lafiya, waɗanda ke yin sabon jini, da mashigar nan suke rayuwa, maganin da ya toshe ta yana iya jawo ƙarancin jini. Har wa yau aikin masu bincike shi ne samun gwargwadon da zai hana ƙwayar sankara ƙarfe ba tare da ya kashe ɓargo da yunwa ba.