Daga Takarda Marar Sa Hannu Zuwa Tallar Aiki

A shekarar 1998, Lilly Ledbetter ta tarar da wata 'yar takarda marar sa hannu a akwatin saƙonta na wurin aiki. Lokacin ta yi kimanin shekara 19 a masana'antar taya ta Goodyear da ke garin Gadsden, jihar Alabama ta Amurka. A takardar an jera albashinta da na wasu maza masu muƙami irin nata. Daga baya ya bayyana a kotu cewa tana karɓar dala 3,727 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi cikin mazan dala 4,286 ne.

Tun 1963 Amurka ke da dokar biyan mace da namiji daidai a kan aiki iri ɗaya. To amma ta yaya za ka kai ƙarar cutar da ba ka san ana yi maka ba? A 2007 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce Ledbetter ta makara, wai kamata ya yi ta shigar da ƙorafi cikin kwana 180 daga lokacin da aka yanke mata albashin. Dokar farko da Obama ya sa wa hannu a 2009 tana ɗauke da sunanta, kuma ta gyara batun wa'adin. Sirrin albashi dai yana nan yadda yake.

Jihar Colorado ce ta fara fasa ƙwan. Daga 1 ga Janairun 2021, ta wajabta wa duk mai tallar guraben aiki ya faɗi mafi ƙaranci da mafi yawan abin da zai biya. Mu masu rubuta manhaja, da kullum idonmu ke kan ayyukan da ake yi daga gida, mun ga martanin kamfanoni ƙarara. Sai talla ta ce kowa na iya nema, ban da mazauna Colorado. Wato gara su rasa ƙwararrun jiha guda sukutum da su faɗi kuɗi! Hukumar ƙwadagon jihar ta ce wannan dabarar ba ta fitar da kamfanin da ke da ma'aikata a jihar daga dokar ba.

Dabarar ta rasa amfani ne da manyan kasuwanni suka shigo: birnin New York a Nuwamban 2022, sai California da Washington a Janairun 2023. Ba wanda zai iya juya wa waɗannan baya. Sai aka koma wani salon, aka buɗa tazarar har ta daina nufin komai. A farkon 2023 an ga tallar Netflix ta neman injiniyan manhaja da albashi daga dala 90,000 zuwa 900,000 a shekara. A ganina, ko irin wannan ta fi shiru, domin aƙalla mai neman aiki ya san inda ciniki zai fara.

A 2023 Tarayyar Turai ta amince da nata tsarin, wanda ya ba mai neman aiki haƙƙin sanin albashi kafin ganawa, ya kuma hana a tambaye shi nawa ake biyansa a baya. Ledbetter ta rasu a Oktoban 2024, ba tare da an biya ta diyyar da aka fara yanke mata ba.