Alƙawarin Haraji a Lokacin Zaɓe da Hanyar Ɗaure Jam'iyya da Shi: Nazari a Kan Ghana

Alƙawarin da jam'iyyar siyasa take yi a kan haraji ya sha bamban da sauran alƙawuran yaƙin neman zaɓe, domin gwamnatin da ta ce za ta shimfiɗa hanya ko ta samar da ayyukan yi tana iya kasawa saboda dalilan da suka fi ƙarfinta, amma haraji ba ya hawa kan jama'a sai ministan kuɗi ya kai ƙudiri majalisa, 'yan majalisa sun kaɗa ƙuri'a, shugaban ƙasa kuma ya sa hannu. Saɓa irin wannan alƙawari aiki ne da ake yi da gangan, saboda haka tuhumar wanda ya saɓa shi wajibi ce. Inda masana suke sassaɓawa shi ne wanda ya kamata ya yi tuhumar, da ma'aunin da zai yi ta da shi.

Abin da ya faru a Ghana ya fito da matsalar fili. Jam'iyyar NPP ta ci zaɓen 2016 da alƙawarin kawar da tattalin arzikin ƙasar daga dogaro da haraji zuwa samar da kayayyaki, kuma kasafin kuɗinta na 2017 ya soke wasu ƙananan haraji da 'yan kasuwa suka daɗe suna kuka da su. A 2020, ana gab da wani zaɓen, Mataimakin Shugaban Ƙasa Mahamudu Bawumia, wanda a lokacin shi ke jagorantar tawagar tattalin arzikin gwamnati, ya faɗa a bainar jama'a cewa bai dace a sanya haraji a kan kuɗin da ake turawa ta wayar salula ba, tun da talakawa ne suka fi amfani da wannan hanya. Sai ga shi a watan Nuwamba na 2021 Ministan Kuɗi Ken Ofori-Atta ya gabatar da harajin da aka sani da E-levy, wato wani kaso da ake cirewa daga kuɗin da mutum ya tura ta waya ko ta intanet, wanda aka fara tsara shi a kan kashi 1.75 cikin ɗari. Muhawarar ta kai ga 'yan majalisa sun ba hammata iska a zauren majalisar a watan Disamba, kafin a zartar da dokar a watan Maris na 2022 a kan kashi 1.5, bayan 'yan adawa sun fice daga zauren.

Martanin jama'a bai jira ranar zaɓe ba. Dokar ba ta taɓa zuba kuɗi ko cire su a wurin wakilan kamfanonin waya ba, don haka 'yar kasuwar da ke Nima a Accra, wadda a da takan tura wa mai kawo mata doya kuɗi daga wayarta, sai ta koma ɗaukar tsabar kuɗi zuwa rumfar wakili, ta karanta masa lambar mutumin, ya zuba masa kai tsaye. Kuɗin da harajin ya tara ya gaza abin da aka yi kirdado nesa ba kusa ba, har aka rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023. Wannan ya nuna cewa harajin da aka ɗora bayan an ce ba za a ɗora shi ba yakan yi wuyar karɓa, domin mai biya yana ganin kauce masa ba laifi ba ne.

Hujjar masu kare gwamnati ita ce yanayi yana canzawa, kuma shugaban da ya ga baitulmali ya ƙafe amma ya nace wa maganar da ya yi a dandalin kamfe ya fifita sunansa a kan ƙasarsa. Hujjar tana da nauyi, musamman ganin Ghana ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje a Disamba 2022, ta kuma shiga shirin rancen dala biliyan 3 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023. Sai dai uzurin canjin yanayi yana karɓuwa ne kawai idan abin da ya canza ya zo bayan alƙawarin. Cikin dalilan da ake kafa hujja da su, annobar korona ta riga furucin Bawumia, yaƙin Rasha da Yukiren kuma ya zo ne bayan an gabatar da harajin, nauyin bashin kuwa ba wanda ya fi masu riƙe da ma'aikatar kuɗi saninsa.

Kai ƙara kotu ba zai warware wannan ba. A lardin Ontario na Kanada, Dalton McGuinty, lokacin da yake neman shugabancin gwamnatin lardin, ya sa hannu a takardar alƙawarin rashin ƙara haraji a 2003, bayan ya hau mulki ya ɗora harajin kiwon lafiya a 2004, wata ƙungiyar masu biyan haraji ta kai shi ƙara, kotu kuma ta kori ƙarar bisa cewa alƙawarin zaɓe ba kwantiragi ba ne. Hukuncin ya yi daidai, domin alƙalin da zai tilasta cika alƙawarin haraji dole ya zaɓi asibiti ko makarantar da za a rage wa kuɗi, wanda ba huruminsa ba ne. Ko cika alƙawari a baki ma bai isa ma'auni ba: Shugaba John Mahama, wanda ya ci zaɓen Disamba 2024, ya sa hannu a soke E-levy da harajin caca a watan Afrilu na 2025 kamar yadda ya alƙawarta, amma cikin 'yan watanni majalisa ta ƙara sidi ɗaya na kuɗin Ghana a kan kowace litar mai don biyan bashin ɓangaren wutar lantarki, nauyin da ke komawa kan talakawa ta hanyar kuɗin mota da farashin abinci.

Wurin da ya dace a ɗaure jam'iyya, a ganin wannan nazari, shi ne kafin a kaɗa ƙuri'a. A Holan, tun 1986 jam'iyyu suke miƙa manufofinsu ga wata hukumar nazarin tattalin arziki mai zaman kanta, wadda take lissafa abin da kowane alƙawari zai ci, ta wallafa kafin zaɓe. Ontario ma, bayan rikicin McGuinty, wanda ya kafa hujja da giɓin kasafin da ya ce magabatansa sun ɓoye, ta yi dokar da ta sa babban mai binciken kuɗi ya tantance halin baitulmali kafin kowane zaɓe. Idan Ghana ta shiga zaɓen 2028 da irin wannan tsari, jam'iyyar da ta ce za ta soke haraji za ta faɗi inda za ta samo madadinsa tun tana neman ƙuri'a, wadda ta ci kuma ba za ta iya cewa sai da ta hau mulki ta gano asusun gwamnati babu kuɗi ba.