Sunan Haya, Gumin Kai

Da wanke tire na shiga sana'ar gidan abinci. A lokacin, in aka ce gidan abinci na zamani, Mr Bigg's ake nufi, wanda kamfanin UAC ya buɗe a Marina ta Legas a 1986, bayan ya taso daga ɓangaren shan shayi na kantunan Kingsway. Mit-fai ne sarki a kanta, ma'aikaci in ya ɗauki albashi can yake kai yara. Tantalizers ta biyo baya a 1997 daga Festac, Chicken Republic a 2004, sannan baƙi suka iso, KFC a 2009, Domino's a 2012. Kowa ya zo da girkinsa, amma ɗan Najeriya sai da ya sa yawancinsu ɗora tukunyar shinkafa.

Daga wanki aka mai da ni suyar kaza, sai kanta, sai sito, har na zama manaja. A sito idona ya buɗe. Kullum bayan an rufe, nakan buɗe firiza in ƙirga kaji, in gwada da abin da injin kuɗi ya nuna. In cinya uku suka ɓace a dare, ba ka ji. Ƙarshen wata za ka ji a jikinka.

Da na haɗa jari na karɓi hayar sunan wani kamfani, sai na ga inda gizo ke saƙar. Za ka biya kuɗin shiga, sannan duk wata su cire kasonsu daga ciniki tun kafin a yi maganar riba. Dizal ɗin janareta, albashi da kuɗin haya duk a wuyanka suke. Mai dubansu kuma yakan faɗo ba sallama, ya soka ma'aunin zafi a ƙirjin kaza.

Littafin ƙa'idarsu bai san Arewa ba, inda shagona yake. Tambayar farko da mai saye ke yi ita ce, "Yankan wa?" Da azumi kuwa shago wayam har la'asar, sai dab da magariba layi ya kai bakin titi, don haka sai ka sake lokacin ɗora mai da jadawalin yaran shago.

Na ga alhazai sun sayi suna sun bar wa manaja makulli, shekara biyu aka sauke allon. Shi ya sa har yau makullin firiza a aljihuna yake kwana.