Gano matsalar giya da ƙarar ƙarƙashin a-kori-kura

A-kori-kura mota ce mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya. A da Peugeot 504 da kamfanin PAN ke haɗawa a Kaduna ita ce ta cika hanyoyin Arewa. Yanzu Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Mitsubishi L200 sun maye gurbinta. Galibinsu injin yana gaba, ƙarfinsa kuma yana bi ta kuloci, ya shiga giyabos, ya ratsa furofela, ya isa bak aksul mai juya tayoyin baya. Da yake waɗannan sassa a haɗe suke, ƙarar da ta tashi daga ɗaya takan fito kamar daga wani, shi ya sa ake yawan sauke giyabos alhali lafiyarsa ƙalau.

A Karu, a gabashin Abuja, yanayin aiki na saurin cinye waɗannan sassa. Gosulon hanyar Abuja zuwa Keffi, musamman tsakanin Nyanya da Mararaba, yana sa direba ya daɗe ƙafarsa na kan kuloci, hawan Kugbo kuma da lodin siminti ko bulo yana gasa faifan kulocin. Ga hanyoyin cikin unguwannin Jikwoyi da Karshi, inda ruwa ke kwanciya da damina.

Gwanin makanike yakan fara da tambaya kafin ya ɗauki sifana: yaushe ƙarar ke zuwa? Idan tana bin tashin injin ko da mota na tsaye, laifin na gaba ne. Idan sai mota ta yi gudu take ƙaruwa, a duba daga furofela zuwa baya. Kukan da ke fitowa da zarar an taka kuloci na boris ɗin kuloci ne; wanda ake ji a firi, ya ɗauke idan an taka, na boris ɗin cikin giyabos ne.

Wahalar shigar giya ma tana da fasali. In giya ɗaya ce kawai ke gurzawa, sau da yawa ta biyu, zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙoranta ne ya cinye. In duka suna gardama, har da ribas, to kulocin ne bai saki sosai ba, kuma dalilin kan zama ƙarancin mansa ko iska a bututu, gyaran da kuɗinsa bai kai na buɗe giyabos ba. A mota mai otomatik, fizga ko jinkirin canji yakan fara daga man giya: mai kyau ja ne, wanda ya ƙone baƙi-baƙi ne mai ƙauri. Motocin tokumbo daga Amurka, inda aka wajabta tsarin OBD-II tun 1996, ana jona musu na'urar bincike. Lambobin na'urar da suka fara da P07 suna nuni ga giya, sai dai lamba tana nuna wurin da za a duba ne, ba ta cewa ga abin da ya lalace.

Bugun "ƙwas" yayin tashi ko sauyawa zuwa ribas alamar kuros ɗin furofela ne da ya bushe babu giris. Ana gane shi ta girgiza furofelar da hannu. Gunjin da ke sauya murya tsakanin taka totur da sakinsa na bak aksul ne, na boris ɗin taya kuwa yana sauyawa ne a kwana. Man aksul da ya koma launin madara ya sha ruwa, abin da aka fi gani bayan ratsa kududdufi. A kan noti na tsiyaye mai akwai maganaɗisu: lallausar ƙurar ƙarfe ba abin damuwa ba ce, gutsattsari kuwa na nufin haƙora sun fara karyewa.

Wata ƙarar direba ne ke jawo ta. Yawancin Hilux masu jan taya huɗu an yi su ne don yashi da laka. Barin su a 4H, wato yanayin jan taya huɗu, a kan busasshiyar kwalta yana ɗaure sassan, sitiyari ya yi tauri a kwana, tayoyi su riƙa tsalle.

Idan ta tabbata giyabos ne, masu mota a Karu sukan nufi garejojin Kugbo ko Apo, inda ake zaɓa tsakanin gyaran tsohon da sayen ɗan Beljiyom, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a ƙasar waje.