Kafso biyu a kyamis ɗin Sabon Gari

Sabon Garin Zariya ya tashi ne a gefen layin dogo, kuma da cinikin ɗai-ɗai ya girma: sukari ƙwaya-ƙwaya, ashana kwali-kwali. Da kamfanin Beecham na Ingila ya fito da ampisilin a 1961, daga baya ya haɗa shi da kuloksasilin a kafso ɗaya mai suna Ampiclox, wannan al'adar ce maganin ya tarar. Haɗin yana da hikima, domin kuloksasilin yana jure sinadarin da wasu ƙwayoyin cuta ke fitarwa don lalata ampisilin. Amma sai an sha shi duk bayan awa shida, kafin cin abinci, har a cika kwanakin da likita ya rubuta. Mai kyamis kuwa yankan biyu yake yi daga kati gwargwadon kuɗin mai saye, alhali lasisinsa bai ba shi damar sayar da irin wannan magani ba.

Za a ce talauci ne, kuma asibitin koyarwa na Shika akwai layi. Gaskiya ne, sai dai kafso biyu ba su kai su kashe cutar ba, ƙwayoyin da suka tsira su ke yaɗuwa. Za a kuma ce jahilci ne, amma a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke yaye masana magunguna, ɗalibai ma suna sayensa don mura, wadda ba ya yi wa komai. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da aka kafa a 1993, ta fi ƙarfi kan jabun magani. Sahihin kafson da ake yanka a kan kanta, ba ya cikin abin da kamen jabu ke tarewa.