Wa ya kashe kiɗa a Wurno, Rabah da Goronyo?

Kwana biyu ana ta gardama a nan Facebook kan abin da ya kashe kiɗan gargajiya a gabashin Sakkwato. Wasu sun ɗora wa malamai, wasu sun ce DJ da waya ne. Ni ɗan wannan yanki ne, aikin gwamnati ya zagaya da ni ƙananan hukumomin nan uku, kuma ina ganin tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin amsoshin biyu ba.

Mu fara da malamai. Babu inda ya kamata kiɗa ya mutu tun da daɗewa kamar Wurno. Ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake. Shugabannin jihadi sun yi rubutu sosai kan kiɗa: sun soki kiɗan sharholiya da cuɗanyar maza da mata, sun bar tambarin yaƙi da na tara jama'a. To amma ko su, waƙa ce suka riƙa a matsayin makamin karantarwa. Nana Asma'u, wadda ta zauna Wurno, da waƙoƙi ta karantar da 'yan taru, jajinta suna kai su ƙauye ƙauye ana rerawa. Daga baya fada da kanta ta zama gidan makaɗa: ga tambari, ga kakaki, ga algaita, ga Salihu Jankiɗi da ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Shekara wajen 200 ke nan malam na wa'azi, makaɗi na ɗaure kalangunsa, kowa ya san iyakarsa.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba, kiɗa a ƙauyukanmu aiki yake yi, kuma da kalandar noma yake tafiya. Da damina akwai gayya: mai gona ya kira samari, mai gangar noma na bin su kunya kunya yana zuga kowa da kirarin gidansu. In anka kai amfani gida, sai kalankuwa da kokawa da dambe. Da dare 'yan mata na gaɗa a dandali, mai kalangu na gefe. Mahauta na da kiɗansu, maƙera na da nasu, mafarauta da 'yan tauri haka. Biyan makaɗi kuwa damen gero ne, ko akuya, ko riga, ko ɗan abin da anka liƙa mai a goshi. Shi ya sa arziƙin makaɗi yake bin arziƙin manomi sawu da ƙafa.

Wannan ƙasa ce ta haifi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi ta Rabah, wanda waƙoƙinsa na dambe suka sa har yau ko yaro ya san sunan Shago da Ɗandunawa. A fili ya yi sunansa, gaban jama'a, cikin ƙura, shi da 'yan amshinsa. Rabah ɗin ce kuma ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya riƙe ta a matsayin hakimi daga 1934, kuma Musa Ɗanƙwairo ya yi mai waƙar da har gobe ake sawa. Daga maƙwabta akwai Narambaɗa a Isa da Maidaji a Sabon Birni. Waɗannan duka sun tashi ne a wuri guda inda makaɗi ke iya barin garinsu bayan la'asar, ya yi wasa a wani gari har tsakar dare, ya kamo hanya da kyautarsa ba mai tare shi.

Sai batun na'ura. Da rediyon Kaduna ya zo a shekarun 1960, an ce makaɗa sun gama yawo. Abin da ya faru shi ne sunansu ya ƙara nisa, gayyata ta ƙaru. Haka kaset, haka Rima Radio. Gaskiya ne DJ ya ci kasuwar biki a cikin gari, don ya fi arha, ba ya zuwa da mutum takwas da za a ciyar. Amma DJ bai iya zuga ɗan dambe, bai san kakan Sarkin Noma ba balle ya yi mai kirari. Ko bayan da aka ƙaddamar da shari'a a Sakkwato a 2000, an rage wasu abubuwa, kokawa da dambe da kiɗan fada dai sun ci gaba. Madatsar ruwan Goronyo ma, da noman rani ya bunƙasa, albasa da tafarnuwa da shinkafa sun sa kuɗi a hannun samari, kuma mai kuɗi a aljihu shi ka yi wa makaɗi kari.

To yaushe ganguna suka yi shiru? Ku tuna Yulin 2018, da 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Gandi, suka kashe fiye da mutum 30, jama'a suka kwararo Gandi gudun hijira. Ku tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan. Ku tuna 17 ga Oktoban 2021, ranar kasuwar Goronyo, da aka kashe sama da mutum 40. Kiɗa na bukatar abu uku: amfanin gona, hanya, da dare. Duka ukun an taɓa su. Wanda ya biya haraji kafin ya girbe gonarsa ba ya da damen da zai ba makaɗi. Wa zai tara samari ɗari a gona da ganga, ya sanar da daji inda suke? Biki yanzu a wurare da yawa a ɗaura aure da hantsi, a kai amarya kafin la'asar, kowa ya watse.

Na zauna da wani dattijo mai kalangu da hijira ta kawo shi cikin gari. Ya ce mani kiɗa gado ne a gidansu tun kakanni, amma 'ya'yansa ɗaya na acaba, ɗaya na dako a kasuwa, ba wanda ya iya ɗaure fata. Wanga shi ne abin da ya fi tsorata ni. Kirarin gidaje, da sunayen manoma da 'yan kokawa na da, ba a littafi suke ba, a kan irin waɗannan dattawa suke. In sun tafi, sun tafi da su.

Don haka roƙona biyu ne. Ɗalibanmu na sashen Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Shehu Shagari, ku bi dattawan nan da wayoyinku ku naɗi abin da ke bakinsu tun suna raye. Mahukunta kuma, in za ku auna ko tsaro ya dawo, rahoton ofis kaɗai bai isa ba. Ku tambaya ko an yi kokawa da dare a ƙauyukan Gandi bana, ko mutanen wani gari sun zo kallo sun koma lafiya.

Wanda ya san sunan wani makaɗi na garinsu, mai rai ko marigayi, ya rubuta mana a ƙasa mu tara. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya maido mana da zaman lafiya. Amin.