A Jikin Wa Za a Gwada? Kano Daga Trovan Zuwa Gyaran Ƙwayoyin Halitta

A watan Nuwamba na 2018 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Sin mai suna He Jiankui ya sanar da duniya cewa an haifi wasu tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayoyin halitta tun kafin a dasa su a mahaifa, domin kada cutar ƙanjamau ta iya kama su. Yaran ba su da cutar. So ya yi ya ƙara musu wata kariya da ba a halicce su da ita ba. Duniya ta yi masa ca, kotun ƙasarsa kuma ta ɗaure shi shekara uku a Disamban 2019. Tun daga nan masana ke ta ja-in-ja a kan inda magani ya ƙare da inda yi wa halittar ɗan Adam ƙari ya fara. Muhawarar tana da amfani, amma ni da na tashi a Rurum Tsohon Gari ta ƙasar Rano ina ganin akwai tambayar da ta riga ta, wadda Kanawa suka koya da tsada: a jikin wa ake gwada sabon abu, da izinin wa, kuma wa ke cin moriyarsa in ya yi kyau?

Son ƙara wa jiki abin da bai zo da shi ba daɗaɗɗen abu ne a wurin Bahaushe. Ɗan tauri yana shan magani don kada wuƙa ta kama shi, almajiri yana shan rubutu don kaifin hadda. Sai dai ɗan tauri da ƙafarsa yake zuwa wurin mai magani, ya san abin da yake nema, kuma in abin ya ci tura ya san gidan da zai koma. Abin da ya faru a Kano a 1996 wani iri ne daban.

A bazarar wannan shekara, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Nijeriya, ga ƙyanda da amai da gudawa sun zo tare da ita. Mutum sama da dubu ɗari suka kamu, kusan dubu goma sha biyu suka rasu. Asibitin Zana da ke birnin Kano, inda ake kai masu cututtuka masu yaɗuwa, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitocin agaji ta Médecins Sans Frontières tana ciki tana ba da chloramphenicol, maganin da aka saba amfani da shi a irin wannan annoba. Ana cikin haka sai ga ayarin kamfanin Pfizer daga Amurka ɗauke da sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an ba shi lasisi ba. Suka ɗebi yara 200. Kimanin rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone domin kwatantawa, amma a ma'aunin da ya gaza wanda aka saba bayarwa. Cikin 'yan makonni ayarin ya tattara kayansa ya tafi, annobar kuwa tana nan tana ci. Yara 11 suka rasu, 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga ɗaya rukunin. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki ko taɓin ƙwaƙwalwa.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da kamfanin ya dogara da shi. Ya ce sanƙarau da kanta tana kisa, tana kurumtarwa, kuma yawan mace-mace a cikin yaran gwajin bai kai na sauran masu cutar ba. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma amince da baki. Har yau bai amsa wani laifi ba. To amma ko an yarda da lissafin nan duka, bai taɓa ainihin maganar ba. A ɗauki uban da ya baro ƙauye tun asuba da yaro a kafaɗa, wuyansa ya sanƙare, jikinsa kamar garwashi. Ya ga farar riga, an miƙo hannu, ya miƙa ɗansa. Shin an gaya masa cewa wannan gwaji ne? An gaya masa cewa in ya ƙi, ga wasu likitocin can a harabar asibitin suna ba da sanannen magani kyauta? Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba a gaya musu ba, kuma ba a fito da takardun amincewa masu ɗauke da sa hannunsu ko dangwalensu ba. "To, likita" da ke fita daga bakin mai neman ceto roƙo ne, kuma duk wanda ya taɓa jinya a asibitinmu ya san haka.

Ƙa'idar ba sabuwa ba ce a lokacin. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus na zamanin Hitler a Nuremberg, aka kafa cewa yardar mutum bisa sani ita ce sharaɗin farko na duk wani gwaji a jikinsa. Asirin Kano bai tonu sosai ba sai a Disamban 2000, da jaridar Washington Post ta buga bincikenta. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna, mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce gwajin ya saɓa doka, amma rahoton ya yi ta kwana a durowa har sai da ya ɓulla a jarida a 2006. Shi kuwa Trovan, Amurka ta amince da shi ga manya a 1997, ta taƙaita amfani da shi a 1999 saboda yana lalata hanta, ba ta kuma taɓa amincewa a ba yara ba.

Shari'a ta ja. A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta ce gwaji a jikin mutum ba da yardarsa ba ya saɓa dokar ƙasa da ƙasa. A shekarar ne Pfizer da gwamnatin Kano suka yi sulhu a kan dala miliyan 75: 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Sai a Agustan 2011, shekara goma sha biyar bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan an yi musu gwajin DNA don tabbatar da cewa yaran nasu ne.

Asarar da ta fi girma ba ta shiga lissafin sulhun ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka baza jita-jitar cewa rigakafin shan inna na ɗauke da maganin hana haihuwa, Dakta Datti Ahmed yana kan gaba wajen nuna shakku, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin. Zargin ba shi da tushe, amma duk mai son kare shi sai ya ambaci Asibitin Zana, bakin mai musu kuma ya mutu. Ba a ci gaba ba sai a Yulin 2004, da aka kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta sake bazuwa, ta bi ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, daga baya ma ta kai har Yaman da ita Indunusiyar. A Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Yaro na ƙarshe da nau'in cutar na asali ya kama a jihar nan a Sumaila yake, nan kudancin Kano kusa da mu, a Yulin 2014. Yaran da suka gurgunce a tsakanin waɗannan shekaru babu wanda ya biya su ko sisi.

Yanzu fasahar ta wuce ƙwayar magani ta shiga gyaran ƙwayoyin halitta. Hanyar CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, ita He Jiankui ya yi amfani da ita, ita ce kuma ta haifar da Casgevy, maganin amosanin jini da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai cutar, a gyara su yadda za su riƙa yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, a share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa. Wannan gyara ba ya bin zuriya, saɓanin na tagwayen Sin. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila, amma kuɗin maganin a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, wato ya ninka abin da aka biya a kan ran yaron Asibitin Zana fiye da sau goma sha biyu. Abin da hannunmu ya kai shi ne dokar gwajin jini kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024.

Masu bincike kuma za su dawo, domin a nan masu cutar suke. A 2019 hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Gates suka yi alƙawarin dala miliyan 200 don samar da irin wannan magani mai araha, da niyyar gwada shi a Afirka. Ina fatan su zo; na ga abin da sikila ke yi wa gida. Tun 2007 Nijeriya tana da kundin ɗa'ar binciken lafiya, abin da babu shi a 1996. Sai dai kundin da Turanci yake, bayanin kuwa da Hausa za a yi shi. Ma'aikaciyar jinyar da za ta zauna da wani uba a babban asibitin Rano kalma guda take da ita, ƙwaya, ga abin da ake haɗiya, da abin da ke sa cuta, da abin da za a gyara a jikin ɗansa.